Dalsimar Afalashiya ta hannu: sauti yana kaucewa daga firet na 5, ga wasa nan da mako shida

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana dalsimar Afalashiya, wadda ake ɗorawa a cinya, ba irin wadda ake duka da 'yan sanduna ba. Tawa ta hannu ce, mai siririn ƙugu a tsakiya, tsirkiya huɗu: biyu a jere kusa da ni, ɗaya a tsakiya, ɗaya mai kauri a can gefe. Na saita ta a D-A-D, wato mai kauri D, ta tsakiya A, biyun da ke kusa da ni D, da manhajar waya, kuma kowace tsirkiya idan aka kaɗa ta a sake daidai take.

Damuwata uku ce. Da na danna firet na 4 ko na 5, wato ƙarafan nan da ke gicciye a kan allo, sai sautin ya fara haurawa, can sama kuma abin ba ya sauraruwa. Na biyu, ina bin takardun lambobi masu nuna firet ɗin da za a danna, amma duk waƙar da ta kai lamba 7 sai ta wargaje, ko da ban kuskure yatsa ba. Na uku, tana zamewa daga cinya, kuma sautinta ƙarami ne. Nan da mako shida zan yi waƙa uku da ita, ina kaɗawa ina rerawa, a zaure mai cin mutum kamar 80. Na'urar ɗaukar sauti zan saya in manna mata, ko dai kayan ne ba na kirki ba?

Mai Gyaran Tsirkiya:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Koyo. Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauko rula mai santimita da fensir.

Mu fara da ta biyu, don ita ce mai araha. Dalsima ba a jera mata firet kamar gita ba. An cire wasu da gangan, shi ya sa tazarar ƙarafan ba ta tafiya bai-ɗaya. Duba daga wajen kai: dogo, dogo, gajere, dogo, dogo, gajere. Abin da ya biyo baya shi ne magana. Idan dogo ɗaya ne, to tsohon tsari ne, kuma ƙarfen da ke ƙarshen dogon shi ne na 7. Idan kuwa ka ga gajeru biyu sun ƙaru, ya zama gajeru uku a jere ke nan, to taka tana da ƙarin firet da ake kira 6+, wasu su rubuta 6½. Ba a ƙirga shi a matsayin 7. Ƙarfe na takwas a ƙirgen ido shi ne firet na 7 a takarda. A tsirkiyar D jerin shi ne: sake D, 1 E, 2 F#, 3 G, 4 A, 5 B, 6 C, 6+ C#, 7 D. Wanda ya ƙirga 6+ a matsayin 7, duk inda aka ce ya buga D zai buga C#, kuma kowace lamba daga nan sama ta goce da gida ɗaya. Haka lamarin yake maimaituwa a 13+ idan tana da shi.

Sai ka auno mana abu uku. Daga bakin nat, wato ɗan matashin da tsirkiyoyi ke hawa a wajen kai, zuwa tsakiyar firet na 7 na gaskiya. Daga bakin nat ɗin zuwa inda tsirkiya ta hau jaki, wato ɗaya matashin da ke wajen gindi. Sannan tsayin da ke tsakanin saman firet na 7 da ƙasan tsirkiya. Ka kuma gaya mana ko jakin yana zaune a cikin tsaga ne, ko ɗora shi kawai aka yi tsirkiyoyi suka danne shi.

Ɗan Koyo:

Allah ya saka da alheri, Malam. Gajeru uku ne a jere, ashe ni ne ban iya ƙirge ba. Daga nat zuwa firet na 7 santimita 34.3. Daga nat zuwa jaki 67.9. Tsayin tsirkiya a firet na 7 ya kusa milimita 3.5. Jakin ɗorawa aka yi, yana motsi idan na sassauta tsirkiyoyi.

Mai Gyaran Tsirkiya:

To, ga ciwon nan a fili, kuma ba mai tsada ba ne. Firet na 7 shi ne rabin tsirkiya daidai. Tunda 34.3 ne, maƙerinta ya yanka firet ɗinsa a kan tsawon santimita 68.6, wato inci 27. Jakinka yana 67.9, ya matso gaba da milimita 7. Mai yiwuwa wani ya cire tsirkiyoyin duka lokaci ɗaya, jakin ya faɗi, ya mayar da shi da ka. Tsirkiya a sake ba ta nuna wannan, don kunnen saiti yana rufe laifin. Amma da zarar ka danna, ragowar tsirkiyar ta gaza tsawon da ya kamata, sai sauti ya haura, kuma kullum ka ƙara sama kuskuren ƙaruwa yake.

Gyaran: sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ba duka ba, ka tura jakin baya zuwa 68.6, ka ƙara kamar milimita 2, domin dannawa tana miƙar da tsirkiya ta ɗan ɗaga sauti. Sake saiti. Yanzu ka ɗora yatsa sama-sama a kan tsirkiya daidai saman firet na 7, ba tare da dannawa ba, ka kaɗa ka ɗage yatsa. Za ka ji wani siririn amo kamar ƙararrawa. Sai ka danna na 7 ɗin sosai ka kaɗa. Dole su biyun su zama ɗaya. In na dannawa ya fi sama, jaki ya ƙara ja baya. In ya yi ƙasa, ya matso gaba. Milimita ɗaya-ɗaya, kana sake saiti kowane karo. Yi wa tsirkiyar waƙa, wato tagwayen nan na kusa da kai, da mai kauri daban-daban. Mai kauri takan so ƙarin milimita ɗaya ko biyu, saboda haka kada ka yi mamaki in jakin ya ƙare a ɗan karkace. Da ya zauna, ka zagaye gindinsa da fensir.

Tsayin 3.5 kuma ya yi yawa, shi ne ɗaya rabin laifin haurawar sautin, kuma shi ke sa yatsa ciwo. Masu dalsima a Amurka da kwabbai suke aunawa: kwabon santi 10, mai kaurin milimita 1.35, a kwantar da shi kan allo a jikin firet na 1, ya ɗan taɓa tsirkiya. Kwabon santi 5, mai kaurin 1.95, a ɗora shi a saman ƙarfen firet na 7, shi ma ya ɗan taɓa. Wanda ba shi da su, katin banki kaurinsa 0.76 ne. Kati biyu a firet na 1, kati uku a na 7 su shiga da ƙyar, ka ga ka kusa.

Ka lura da lissafin: tunda na 7 yana tsakiya, duk milimita 1 da kake so ka rage a can sai ka ci milimita 2 daga jaki. Kai kana son rage kamar 1.3, wato wajen 2.5 daga jakin. Daga ƙasansa ake ci, ba daga sama ba. Shimfiɗa sanfefa mai lamba 150 a kan gilashi ko tayil, ka ja layi da fensir a iyakar da za ka tsaya, ka riƙa goga jakin a miƙe. Ci rabi, mayar, gwada. In ka wuce, tsirkiya za ta riƙa zizar ƙarfe, sai an yi ciko da siririn katako. Nat kuwa, in har kati biyu sun nuna ya yi tsayi ƙwarai, ka kai wa mai gyaran gita. Tsagarsa tana son zarto siriri mai daidai kaurin tsirkiya, kuma shafa biyu ta wuce ƙima ta isa ta lalata shi. Ka gama da tsayi kafin ka yi wa jaki saitin ƙarshe, don rage tsayi yana canja wurin zamansa.

Tsirkiyoyi ka canja su duka, ɗaya bayan ɗaya. Ga tsawon inci 27 a D-A-D: .012 ga na waƙa biyun, .014 ga ta tsakiya, .022 ko .024 mai naɗi ga mai kauri. Duba gindin kayan: in 'yan ƙusoshi ne, tsirkiya mai zarge a ƙarshe take so, irin ta banjo, in rami ne ko tsaga, mai ƙwallo irin ta gita. Siriri a naɗa shi sau uku ko huɗu a kan kunne, mai kauri sau biyu ko uku. Mai kauri D ce ta ƙasa, wajen 147 a ma'aunin manhajarka, ta tsakiya A 220, ta waƙa D wajen 294. Ka riƙa duba lambar, ba harafin kaɗai ba. Sabuwar tsirkiya takan tsinke wajen neman D ɗin da ke oktaf na sama, wato mai ninkin wannan lambar.

Inna Mai Nota:

Ɗana, abin da Malam ya faɗa kan jaki babu ƙari. Amma da mako shida a hannu, kuma kana rerawa, ni D-A-A zan ba ka shawara, da nota, wato ɗan sandan danna tsirkiya.

Wannan kaya asalinsa na tsaunukan Kentaki da Bajiniya da maƙwabtansu ne, dangin tsofaffin kayan Turai irin su shaitholt na Jamusawa. Siffar taka mai ƙugu ita ce ta Kentaki, wadda J. Edward Thomas na gundumar Knott ya yi suna da ƙerawa tun daga 1871. A tsofaffin nan firet ɗin ma ɗan guntun waya ne a ƙarƙashin tsirkiyar waƙa kaɗai. Sauran biyun ba a danna su, amo ɗaya suke shimfiɗawa waƙa ta hau kai. Da wannan salon Jean Ritchie, 'yar Viper ta Kentaki, ta fito da dalsima gaban duniya daga birnin New York, kuma rakiyar murya take yi da ita. Ƙarin 6+ da danna tsirkiya uku lokaci ɗaya duk daga baya suka yaɗu.

Yadda ake yi. Bar mai kauri a D. Danna ta a firet na 4, ka daidaita ta tsakiya da wannan sautin. Na waƙa biyun ka sauke su su zama ɗaya da ta tsakiya. Yanzu do, wato sautin farko na sikeli, tana firet na 3, sikelin ya tafi 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9, 10, ka tsallake 6+ ɗungurungum. Amfanin shi ne kana da sauti uku a ƙasan do, wato sake da 1 da 2, kuma tsofaffin waƙoƙi da yawa daga can ƙasa suke tasowa. A D-A-D sai ka tsallaka tsirkiyar tsakiya kafin ka same su. In za ka zauna a D-A-A, sa .014 a na waƙa, don .012 takan yi laushi idan aka sauke ta zuwa A.

Nota ɗan sanda ne mai tsawon santimita 8 zuwa 10, kaurin fensir ko ya ɗan fi, na katako mai tauri ko gora. Riƙe shi a hagu, babban yatsa a sama, gefen manuni yana gogar gefen allo don ya zama ja-gora. Bakinsa ya hau tsirkiyoyin waƙa biyu kawai, da kamar milimita 6, ya tsaya dab da bayan ƙarfe, ba a kansa ba. Kada ka ɗaga shi tsakanin sauti da sauti. Wannan feɗuwar da yake yi idan yana zamewa ita ce daɗin. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Karkata nota, sai ta ciki ta dannu ta waje ta yi ziza. Da kuma dannawa da ƙarfi, sai sauti ya haura ka koma zargin jaki. Hannun dama, fik mai laushi, wato ɗan abin kaɗa tsirkiya, ko gashin fiffiken talotalo da aka fere, ka share tsirkiyoyin duka: ɗaya dogo, biyu gajeru, ɗaya dogo, biyu gajeru. Daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba.

In cikin ukun akwai mai sanyin jiki, ɗaga na waƙa zuwa C, ka same ta a firet na 6 na mai kauri. Wannan D-A-C ke nan, gidanta firet na 1.

Yatsa Uku:

Inna, a gafarce ni, a nan na ɗan saɓa. Takardun da yake bi na D-A-D ne, kuma yawancin abin da ake bugawa da abin da ake kaɗawa a taron masu dalsima yau a D-A-D yake. In ya koma D-A-A sai ya ƙara 3 a kan kowace lambar waƙa, 6+ ta koma 9. Ba wuya, amma mai mako shida ba ya bukatar sabon lissafi. Sannan shimfiɗar D da A ba ta karɓar kowace waƙa. In waƙar ta daɗe a kan G ko E, kunnen da bai saba ba zai ji kamar ana faɗa.

Ɗan'uwa, kod huɗu, wato haɗin sautin tsirkiyoyi uku lokaci ɗaya, sun ishe ka. Lambobin daga mai kauri ne, sai ta tsakiya, sai ta waƙa. D 0-0-2. G 0-1-3, ko 3-1-0. A 1-0-1, in kana son ta cika 1-2-4. Bm 2-1-0. A kan inci 27, daga nat zuwa firet na 1 kusan santimita 7.5 ne, saboda haka 1-2-4 tana son buɗa hannu. Babban yatsa ne ke zuwa 4 a tsirkiyar waƙa, ba laifi ba ne a dalsima. In tagwayen na waƙa suna wahalar da kai, cire ɗaya. Mutane da yawa da uku suke kaɗawa.

Abin da ya fi waɗannan duka: muryarka. Kada ka tilasta mata D. In D ta yi maka sama, sauke komai da taki ɗaya zuwa C-G-C, lambobi ba su canja ba. In ta yi ƙasa, kafo, wato ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyin duka, a firet na 3 ya ba ka G, a na 4 A, a na 1 kuma E mai sanyi. Kafon gita ba ya kamawa, na dalsima daban ne, gefen allo yake matsewa. Bayan ka sa shi ka sake duba saiti, yakan ja sauti sama kaɗan.

Inna Mai Nota:

Maganar murya gaskiya ce, ɗana, na karɓa. Ta kod kuwa, wanda ke rerawa a gaban mutane karon farko idonsa ba ya son allo. Amma ya gwada duka biyun mako ɗaya bayan gyara, ya riƙe wanda bakinsa bai tsaya ba idan hannu ya canja wuri.

Mai Na'ura:

Ni zaure zan yi wa magana. Zamewa daga kujera take farawa. Kujera marar hannu, wadda cinyarka za ta kwanta daidai da ƙasa. In gwiwa ta gangara, sa ɗan katako ko littafi mai kauri a ƙarƙashin ƙafafu. Buɗa gwiwoyi sosai: firet na 1 a saman gwiwar hagu, gindin kayan ya matso ƙugun dama. Mai haɗe gwiwa, da ya danna firet na 1 sai gindin ya ɗaga. Shadda mai sheƙi da yadi mai santsi abokan gaba ne a nan. Ɗan yankin robar nan mai ramuka da ake shimfiɗawa a cikin kabad, ɗaya a kowace cinya, yana maganinta, sai dai kada ka bar ta manne da kayan a cikin jaka, takan ci fenti. Mafi tabbas shi ne maɓallin ɗamara biyu, a kai da gindi, ɗamarar ta zagaya bayan ƙugunka. A fara huda siririn rami kafin a ɗaura sukurun, kuma a cikin toshen katakon ƙarshe, ba a siririn gefe ba.

Ƙarancin sauti, wani ɓangarensa cinyarka ce ke shanye shi, tunda bayan kayan a kanta yake kwance. Akwai allon da ake sawa a ƙasa, mai 'yan ƙafafu da ke ɗaga dalsimar kamar rabin santimita don bayan ya samu ya girgiza. Ɗora taka a kan fensir biyu a bisa teburin katako ka kaɗa, za ka ji bambancin tun kafin ka nemi allon.

Ga mutum 80, makirfo ya fi abin mannawa. Biyu ka roƙa: ɗaya na baki, ɗaya na kaya. Na kayan ya zo daga gaba a kan ƙarfe mai lanƙwasa, tazarar santimita 15 zuwa 25, yana kallon ramin sauti na ɓangaren gindi wanda ke nesa da kai. Kada ya kalli kwarmin da ake kaɗawa, ƙarar fik kawai zai ɗauka, kuma hannunka zai buge shi. In ɗaya ne tilo, sa shi tsakanin ƙirji da kaya, tazarar kamar santimita 35, ka rage ƙarfin murya ka bar dalsima ta fito. Lasifikoki su kasance a gabanka suna kallon jama'a. Da sun koma bayanka, ihu zai tashi.

In ka nace sai abin mannawa, irin mai fiyezo da ke ɗaukar girgizar katako, to kada a soka shi kai tsaye cikin mikisa. Yana bukatar 'yar na'urar share fage mai karɓar megohm 1 ko fiye, in ba haka ba sautin zai fito siriri kamar gwangwani. Kuma duk gogar riga da taɓa jiki sai ya kai wa jama'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya: sabbin tsirkiyoyi su kwana bakwai aƙalla a jiki kafin ranar, don kwanakin farko sauka suke yi. Jera waƙoƙin yadda sau ɗaya kawai za ka taɓa saiti ko kafo, kuma ka tanadi maganar da za ka yi wa mutane a lokacin. Manhajar waya ba ta ji a cikin hayaniya, nemi na'urar saiti mai maƙalawa a kan kaya. Shiga zauren da rabin awa, buɗe jaka, bar katakon ya saba da iskar wurin, sannan ka saita. A aljihu: fik biyu, .012 ɗaya ta ajiya, da filaya.

Mai Gyaran Tsirkiya:

Ƙari ɗaya, tunda ba ka faɗi inda kake ba. Katakonta siriri ne, wajen milimita 3, kuma danshin iska na kashi 40 zuwa 55 yake so. Ɗakin da ake hura wa zafi a lokacin sanyin Amurka da iskar hunturun Kano ko Damagaram aiki ɗaya suke yi mata: allo ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar yatsa, fuska ta tsage daga ramin sauti. Ajiye ta a cikin jakarta, tare da soso da aka jiƙa aka matse sosai, a cikin robar sabulu da aka huhhuda wa murfi. Duba soson duk kwana biyu ko uku. Da damina ka cire shi. Kada ka bar ta a mota a rana, gam ɗinta yana saki da zafi. In ka tura jakin ka rage tsayin, ka auno mana daga nat zuwa firet na 4 da na 6. A kan 68.6 ya kamata ka samu 22.8 da 30.1. In sun yi daidai, ƙarafan lafiya suke.